Yadda za ka ɗauki nauyin mace a ƙasar da ake yaƙi don gode wa Allah

Idan Allah Ya fitar da mutum daga ƙunci, a Kano an san abin da ake yi: a yanka rago, a dafa shinkafa, a aika wa maƙwabta da almajirai. Ba laifi, sai dai kafin la'asar an wanke tukwane. Bara da maiɗakina ta sauka lafiya bayan an yi mata aiki, sai na ga gara tawa godiyar ta kai wata goma sha biyu, a kan mace ɗaya da yaƙi ya raba da gidanta. Ga yadda ake bi.

Fara da gyara niyya. In bakance ka yi ka ambaci rago, to sai ka yanka ragon, wannan kuma ƙari ne. In kuɗin zakka kake son sakawa, tambayi malami tukuna.

Daga nan ka yanke abin da za ka iya fitarwa duk wata ba tare da cefanen gida ya girgiza ba. Ka yi lissafin da watan da kasuwa ta yi sanyi, ba watan ciniki ba, ka kuma bar rara saboda tashin dala. Matar da ta saba ganin saƙonka ran biyar ga wata, a kansa take cin bashin gero. Ka yanke mata a wata na huɗu, ka jefa ta a rami.

Sai zaɓen ƙasa. Ni Sudan na zaɓa. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 sojojin gwamnati da dakarun kar-ta-kwana na RSF ke gwabzawa, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, mata da yara daga Darfur sun yi ta tsallakawa garin Adre na Chadi. Ga kuma 'yan uwanmu Hausawa a Mai Wurno da Gadarif da Kassala, yawancinsu jikokin waɗanda suka bi hanyar Makka a ƙafa.

Hanyar aikawa ita ce inda ake faɗuwa, kuma iri biyu ce. Akwai ta ƙungiya. Women for Women International, wadda Zainab Salbi ta kafa da mijinta a 1993 lokacin yaƙin Bosniya, tana da shirin shekara ɗaya: a koya wa mace sana'a da tanadi, a riƙa ba ta ɗan kuɗin kashewa duk wata. Tana aiki a Afganistan da Kwango da Sudan ta Kudu, har da nan Najeriya. Da kati ake biya, don haka ka leƙa bankinka ka ji ko katinka na naira yana biya a waje. In ba ya yi, ka buɗe asusun dala, ka sayo dalar a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka zuba.

Ɗaya hanyar ta sanayya ce. Kano cike take da waɗanda suka yi karatu a Khartoum, kuma da wuya ka rasa wanda ya san wata bazawara mai marayu. Ka nemi ya haɗa ku, ka ji muryarta da kunnenka, ka fara da kaɗan. A can da manhajar Bankak aka fi karɓar kuɗi, sai ka sa ɗan canjin da ka aika kuɗin ta hannunsa ya turo maka hoton rasit, ita ma ta tabbatar ya shiga.

Wanda ya tare ka a Facebook da hoton yara masu kuka da lambar asusu, ka wuce abinka. Ban da damfara, Najeriya na da dokar 2022 a kan ta'addanci da ɗaukar nauyinsa, kuma "ai ban sani ba" ba zai hana ka zaryar ofishin hukuma ba.

Kada ka ce sai ta ɗauki hoto riƙe da kuɗin, kada kuma ka ɗora ta a WhatsApp jama'a su yi ta sa maka albarka. In ka ji shiru mako biyu ko uku, sau da yawa layin waya ne ya ɗauke, ka ajiye kasonta har ya dawo. Idan shekara ta zo ƙarewa, ka sanar da ita tun saura wata biyu. Ni na tambayi tawa ko tana son na wata biyun a dunƙule, ta ce e, ta sayi buta da kofuna da gawayi ta fara sayar da shayi.