Rage Kuɗin Ɗumama Gida a Birtaniya: Inda Mutanenmu Suka Fi Yin Kuskure

Wanda ya zo Birtaniya karatu ko aikin asibiti ba ya gane tsadar sanyi sai bil ɗin gas na watan Janairu ya shigo. Daga nan sai shawara ta yi yawa: wannan ya ce a kashe hita gaba ɗaya, wancan ya ce a bar ta dare da rana don wai hakan ya fi arha. Matsalar ita ce hunturun da muka saba da shi na dare ne da asuba, hantsi na yi rana ta fito ta busar da komai. Na can kuwa tun daga Nuwamba har Maris yake, ga danshi, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Dabarar da ta yi aiki a Kano ko Jos ba lallai ta yi a Manchesta ba.

Babban kuskure shi ne kashe ɗumama kwata-kwata a koma cikin bargo. A ido kamar tsimi ne, amma gidan ne yake biya, daga baya jiki ya biya. Iskar cikin gida cike take da tururi: na girki, na wanka, na wankin da aka shanya, har da numfashin mutane. Iska mai ɗumi tana riƙe wannan tururin, amma da zarar ta taɓa bango ko gilashi mai sanyi sai ya koma ruwa. Shi ya sa za ka tashi da safe ka ga taga tana zubar da gumi har ya taru a dakalinta. Ka ja kabad daga jikin bangon da ke fuskantar waje, ka leƙa baya. In ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kusurwa, ko takalman da ka ajiye sun yi fari-fari suna wari, funfuna ta kama. Idan ta yi ƙarfi, fenti da katifa da tufafi duk sun tafi, kuma mai gida na iya neman cire kuɗin gyara daga ajiyar da ka ba shi.

Funfuna ba ƙazanta ce kawai ba. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale da ke kusa da Manchesta sakamakon daɗewa yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu. Binciken da aka kammala a 2022 bai ɗora laifin a kan iyayen ba, sun yi ta kai ƙorafi ba a gyara ba. Saboda haka in danshin daga ginin ne, yoyon rufi ko bangon da ke tsotsar ruwa, rubuta wa mai gida, ka ɗauki hoto, ka ajiye shaida. Amma abin da ke hannunka, kada ka bar gidan ya yi sanyin da zai gayyato ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin lafiyar Birtaniya sun tsaya a kan digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin ɗakin da ake zama a cikinsa. Sanyi yana takure jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, yana kuma tayar da asma. Ga namu kuma akwai ƙari: sanyi na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Gidan da ke da mai sikila, ko an kawo Hajiya ta zo wankan jego, ba nan ne wurin gwada jarumta ba. Ɗakin barcin jariri kuwa digiri 16 zuwa 20 ake so, don yawan zafi ma haɗari ne gare shi.

Gyaran a nan shi ne a rage, ba a kashe ba. In tamostat ɗinka, wato ɗan akwatin nan na bango mai nuna lamba, yana kan 22, sauko da shi 21 ka zauna haka mako guda, sannan 20, har ka sami inda iyali za su iya zama da suwaita da safa ba tare da rawar ɗari ba. Lissafin da masu ba da shawara kan makamashi suka saba bayarwa shi ne kowane digiri ɗaya da aka rage yana iya zaftare kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumama. A ganina, wanda ke yawo da singileti a falo a watan Janairu ba shi da bakin kukan bil.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne. Mutum ya dawo daga aiki hannu ya ƙandare, sai ya murɗa tamostat zuwa 30 don gida ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Tamostat ba totur ɗin mota ba ne, aikinsa kawai ya gaya wa boila, wato na'urar da ke dafa ruwan da ke ɗumama gidan, inda za ta tsaya. Ko 20 ka sa ko 30, a yawancin gidaje da gudu ɗaya za a kai 20, bambancin dai na 30 ba zai tsaya ba sai zafi ya ishe ka ka buɗe taga, kuɗinka ya bi iska. Abin da kake nema agogon boilar ne: saita shi ta kunna kanta kamar rabin awa kafin ku tashi da asuba, ta mutu rabin awa kafin a fita, haka kuma da yamma. Radiyeta, wato ƙarfen nan na jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa, tana ci gaba da fitar da zafi bayan an kashe, don haka ba sai an kai lokacin kwanciya ba.

Zancen cewa barin ta a kunne yini guda ya fi arha kuwa, a gida mai boilar gas da babu kowa da rana, ba haka ba ne. Gida yana zubar da zafi ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje, kuma duk awar da ya yi da ɗumi ba kowa, titi kake ɗumamawa. Sai dai in gidan na'urar jawo zafi daga iskar waje ce da shi maimakon boila, irin wadda ake girkewa a bayan gida mai kama da injin AC. Ita ta fi son a bar ta a ƙasa-ƙasa na dogon lokaci.

Akwai kuma masu kashe boila su sayo ƙaramar hitar lantarki, su ga ƙanƙantarta su ɗauka cinta kaɗan ne. A farashin 2025, yunit ɗaya na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na yunit ɗin gas. Hita mai kilowat 2 tana shan yunit 2 a awa, wato sama da rabin fam kaɗan. Awa 5 kullum na wata guda yunit 300 ke nan, kusan fam 80, kuma ɗaki ɗaya tak. Tana da amfani ga mutum ɗaya a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci, ba ga iyali ba. In gado kake so ya yi ɗumi, bargon lantarki ya fi ta arha nesa ba kusa ba. Kada kuma a jona hita a soket mai jela da ake cika wa kaya, kada a shanya mata tufa.

Su kansu radiyetocin, dubi gindin kowace za ka ga marfi mai lambobi, galibi daga 1 zuwa 5, da alamar ƙanƙara. Lambar tana nufin ɗumin da ɗakin zai kai ne, 3 tana kusa da digiri 20. Falo a 3, ɗakin barci a 2, ɗakin da ba a shiga a 1 ko 2 a rufe ƙofarsa, amma kada a kulle shi a sifili duk lokacin sanyi, nan ne funfuna za ta fara. Wani abin da mutane ba su lura da shi: radiyetar da ke wuri ɗaya da tamostat ɗin bango a bar ta a buɗe sosai. In ka rage ta, wurin ba zai taɓa kai lambar da aka sa ba, boila kuma ta yi ta ci ba tsayawa.

Boilar ma tana da nata saitin da kusan ba mai taɓawa. Tun 2005 kusan duk sabuwar boilar gas da ake sawa a Ingila irin wadda ke ƙwato zafi daga tururin hayaƙinta ce, amma ba ta yin hakan da kyau sai ruwan da ke dawo mata daga radiyetoci bai wuce kimanin digiri 55 ba. Da yawa an bar su a 70 ko 80. In taka kombi ce, wato babu tankin ruwan zafi a gidan, rage maɓallin da ke da hoton radiyeta zuwa 60. Ɗaki zai ɗan daɗe kafin ya yi ɗumi, amma gas ɗin da za a ƙona ya ragu. In akwai tanki kuwa, kada a sauke zafin ruwansa ƙasa da 60, domin ƙwayar cutar lejonela tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi tsakanin digiri 20 da 45. Wannan sai da mai gyara.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Kushin a gaban radiyeta, a matsar da shi. Labule a rufe da magariba, amma kada ya lulluɓe radiyeta. In ta yi zafi a ƙasa samanta da sanyi, iska ce ta taru, da ɗan makulli ake sace ta har ruwa ya fara fitowa, sannan a duba allurar da ke nuna matsin ruwan boila ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Ƙasan ƙofa a toshe da tsumma ko tsohon tawul. Wanki a shanya a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe.

Toshe ƙasan ƙofa daban, toshe kafofin iska na gini daban. Ƙananan ramukan da ke jikin bango ko saman taga da gangan aka yi su, wasu don tururi, wasu don na'urorin gas su sami iska. Haka nan kaskon garwashi da aka saba ja cikin ɗaki da hunturu a gida, ko buɗe murhun gas don a ji ɗumi, a gidan da ke rufe ruf da gilashi biyu kisa ne. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da kasala na cikin alamunta. A Ingila doka ta wajabta wa mai gida sa ƙararrawarta a ɗakin da boila take, da kuma kawo mai rajistar Gas Safe, wato ma'aikacin gas da hukuma ta amince da shi, ya duba kayan gas duk shekara. Nemi takardar.

Masu tafiya gida hutun Disamba su ma su kula. Ruwa in ya daskare yana kumbura, bututu ya tsage, ranar da ƙanƙara ta narke silin ya zubo. Bar tamostat a wajen 12, ka karanta yarjejeniyar hayarka don wasu suna faɗin lambar da suke so, kuma ka san inda makullin ruwan gidan yake, sau da yawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Sai batun ƙayyade farashin gas da lantarki da hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi ke sabuntawa duk wata 3. Mutane suna jin adadin da ake faɗa a labarai su ɗauka ba za a caje su fiye da haka ba. Farashin yunit da kuɗin kullum-kullum aka ƙayyade, ba jimillar bil ba. Wanda ya sha da yawa zai biya da yawa. Kuɗin kullum ɗin nan kuma yana tafiya ko ba ka kunna komai ba, shi ya sa mai mitar kati zai dawo daga tafiya ya sa kuɗi ya ga an zare wani abu nan take. In mitarka ba mai aika lamba da kanta ba ce, ɗauki hotonta duk ƙarshen wata ka tura wa kamfani, don kada a yi maka bil na kintace, kuma da lambobin ne za ka ga ko digirin da ka rage ya yi tasiri.