Babi na Huɗu: Shirya Daɓen Banɗaki Kafin A Sa Tayil

Tayil ba ya gyara daɓe. Yadda ya tarar da ƙasa, haka zai kwanta a kanta. In daɓen ya lotsa, ruwa zai taru a wurin. In ya rufta, tayil zai fashe. Saboda haka a wannan babi ba za mu sa sabon tayil ko ɗaya ba, ƙasan kawai za mu shirya. Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna, ya sa na kusa da shi ya karanta masa, babu abin kunya a ciki.

Darasi na 1: Cire tsohon daɓe

Kafin komai, ku rufe famfon da ke kawo ruwa banɗakin. Sannan ku nemi tsumma ku toshe bakin rariya, wato ramin da ruwan wanka yake fita. Ku toshe shi sosai. Ɓaraguzai da siminti in suka faɗa cikin bututu suka daskare, sai an fasa ƙasa kafin a fitar da su.

Ku sa tabarau da safar hannu, domin tsohon tayil yana tsalle in an buge shi, kuma bakinsa yana yanka. Ku ɗauki guduma da cizal, ku fara daga bakin ƙofa. Ku cire tayil, ku cire tsohon simintin da ke manne a ƙarƙashinsa. Kusa da rariya ku sassauta hannu, akwai bututun roba a wurin.

In kun gama, ku bi ƙasan kuna ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, kuna saurare. Inda ya yi ƙara kamar ganga, akwai kogo a ƙasa, simintin ya rabu da kankare. Ku fasa wurin har ku kai ga mai ƙarfi. Ku share, ku sake sharewa, ku wanke. Ƙura da sabulu da maiƙo suna hana sabon siminti kama tsoho. Ku shafa tafin hannu a ƙasa. In ya ɗauko farar ƙura, shara ba ta yi ba tukuna.

In akwai bututu mai yoyo, yanzu ne lokacin kiran mai gyaran famfo, tun ƙasa tana buɗe.

Darasi na 2: Gangara

Ku gyara zama, domin a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Daɓen ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, ko'ina daidai. Daɓen banɗaki kuwa gangara ake yi masa, jikin bango ya fi tudu, bakin rariya ya fi ƙasa, don ruwa ya tafi da kansa ba sai an kore shi da tsintsiya ba. Ku faɗa da bakinku: bango sama, rariya ƙasa.

Nawa ne gangarar? Santimita 2 a kowace mita 1. Ku ɗauko tef ɗin awo. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita, shi ne mai ƙananan gidaje. Da shi za mu yi aiki. Santimita 100 su ne mita 1. Santimita 2 kuwa kusan faɗin babban yatsanku ne.

Ku auna daga bakin rariya zuwa bango. In mita 1 ce, daɓen jikin bango zai fi na rariya tudu da santimita 2. In mita 1 da rabi ce, santimita 3. In mita 2 ce, santimita 4. Ku rubuta lambar a jikin bango da gawayi, kada ku dogara da ƙwaƙwalwa.

Yanzu ku ɗauko lebur, ma'aunin nan mai kumfa a cikin gilashi. Kumfar kullum tana gudu ne zuwa gefen da ya fi tudu. Lokacin da muke koyon jera bulo, na ce muku kumfa ta tsaya a tsakiya. Wannan gaskiya ne ga bulo. A banɗaki, in kuka ɗora lebur a miƙe daga bango zuwa rariya, kumfa dole ta karkata wajen bango. In ta tsaya tsakiya, babu gangara. In ta karkata wajen rariya, kun juya aikin, ruwa zai koma jikin bango ko ya fita ta ƙofa.

Ga dabara mai sauƙi. Ku sami miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 1, da guntun katako mai kaurin santimita 2. Ku ɗora ɗan curin kwaɓin siminti da yashi a bakin rariya, wani curin a nesa da shi mita 1 ta wajen bango, ku danna fasasshen tayil a kan kowanne. Ku ɗora guntun katakon a kan curin rariya, dogon katakon ya hau kansa zuwa ɗaya curin, lebur a sama. Ku daidaita curin bango har kumfa ta zo tsakiya. To, ku zare guntun. Kumfa za ta gudu wajen bango. Gangararku ta fita ke nan. Ku yi irin wannan curi ta kowace kusurwa, har da bakin ƙofa.

Wanda bai gane ba, ya sake karantawa daga farkon darasin. Hannu yana koyo a hankali, kuma kuna iyawa. Kumfa wajen bango.

Amma fa zan faɗi wata magana. Akwai masu cewa idonsu ya ishe su, ba sa buƙatar lebur. Haba malam! Wane ido ne yake ganin santimita 2 a cikin mita? Mai gida ya sayi siminti, ya sayi tayil da kuɗinsa, sannan iyalinsa su riƙa wanka cikin kwantaccen ruwa, gansakuka ta fito, tsohuwa ta zame. Wannan ba ƙaddara ba ce, ƙiwuya ce. Leburin yana hannunku, ku ɗora shi.

Darasi na 3: Kwaɓi da zubawa

Kwano 1 na siminti, kwano 4 na yashi mai kaifi wanda babu laka a cikinsa. Kwanon da kuka auna siminti, da shi za ku auna yashi. Ku gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ku zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ku damƙi kwaɓin a hannu: ya dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana malala ya cinye gangarar da kuka sha wahala a kanta.

Ku jiƙa ƙasan, ku shafa ruwan siminti da tsintsiya, ku zuba kwaɓi tun bai bushe ba. Kaurinsa kada ya gaza santimita 3 ko a bakin rariya, kuma ku bar wa tayil wurin zamansa don kada ya fi bakin rariya tudu. Ku daddanne kwaɓin, ku ja katako daga curi zuwa curi. Kada ku goge saman ya yi santsi, tayil ya fi kama mai kaushi. Ku ɗora lebur. Ina kumfa? Wajen bango.

Darasi na 4: Ban ruwa

Daga washegari ku riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, kwana 7. Da hunturu ku rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu, iska tana busar da shi ya tsattsage. Kada kowa ya taka.

Darasi na 5: Maganin yoyo da gwaji

Ku shafa maganin hana ruwa ratsawa, ƙasa duka da santimita 15 na jikin bango. Ku bi umarnin da ke jikin gwangwanin. In banɗakin a bene yake, ku toshe rariya, ku tara ruwa awa 24, ku duba silin na ƙasa.

Sannan ku cire tsumma, ku zuba bokitin ruwa daga kusurwa mafi nisa. Inda ya kwanta, ku zagaye da alli ku cike. Sa tayil yana babi na biyar.