In za ka Fas, ga yadda za ka zaɓi wurin kwana

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Fas a ƙasar Maroko ziyara ce ke kai su, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a garin a 1815 kuma a nan kabarinsa yake, wasu kuma karatu ko kasuwanci ko dai kawai yawon buɗe ido. Koma dai mene ne ya kai ka, maganar masauki a Fas ba irin ta sauran garuruwa ba ce da za ka buɗe waya ka ga hoton ɗaki mai kyau da kuɗi daidai aljihu ka danna ka biya. A Fas abin da za ka fara tambaya shi ne ta wace ƙofa ake shiga gidan, kuma daga inda mota ke tsayawa zuwa bakin gidan tafiyar minti nawa ce a ƙasa. In ka samu amsar wannan to rabin aikin ya ƙare, maganar kyan ɗaki daga baya take zuwa.

Dalili kuwa shi ne garin kashi uku ne. Akwai tsohon birni na cikin ganuwa da suke kira Fas al-Bali ko Madina, wanda Maulaya Idris da ɗansa Idris na biyu suka kafa sama da shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce, a nan masallacin Ƙarawiyyin yake wanda Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, a nan zawiya take, a nan kasuwanni da majema suke, kuma tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, inda fadar sarki da tsohuwar unguwar Yahudawa suke. Sai kuma sabon gari da Faransawa suka shimfiɗa bayan 1912, mai manyan tituna da tashar jirgin ƙasa da otal-otal na zamani. In ka san bambancin lungunan cikin birnin Kano da titunan Nasarawa to ka ɗan hango abin, sai dai lungunan Fas sun fi matsewa nesa ba kusa ba, kuma mota ba ta shiga kwata-kwata. Jaki da alfadari da kurar turawa su ke dakon komai, tukunyar gas, siminti, kayan miya, har da akwatinka. In ka ji an ce "balak" a bayanka ka raɓe jikin bango, dabba ce tafe da kaya.

Abu na biyu da hoto ba zai taɓa nuna maka ba shi ne gangara. Madina a cikin kwari take, Bab Bujlud wato ƙofar nan mai shuɗin ado da kowa ke ɗaukar hoto a gabanta tana can sama, daga nan manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suke gangarawa har ƙasa wajen Ƙarawiyyin. Sauka ba wuya, kana tafe kana kallon shaguna ba ka ma san ka yi nisa ba, amma dawowar hawa ce zalla a kan dutse, kuma in ka yi ta bayan sallar isha'i ga gajiya ga ciki a ƙoshe za ka gane abin da nake nufi. Saurayi mai jini a jika ba zai damu ba. Amma in da Baba ko Hajiya ka taho, ko mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko mace mai juna biyu, dan Allah kada ka kama musu ɗaki a Bujlud alhali niyyarsu su riƙa sallah biyar a zawiya, wahala ce kawai za ka ɗora musu, ƙarshenta su zauna a ɗaki su kasa yin abin da ya kawo su.

Saboda haka ka fara tambayar kanka me ka zo yi. In ziyara ce kuma kana so ka samu asuba da wazifa a zawiya, ka zauna zikirin Juma'a bayan la'asar har magariba ba tare da tunanin hanyar komawa ba, to ka nemi masauki a ƙasan gari, unguwar Blida inda zawiyar take ko kewayen Rasif. Rasif fili ne da tasi ke iya shigowa har can, daga nan ka bi ta Saffarin wajen masu ƙera tukwanen tagulla ka ɓulla Ƙarawiyyin, zawiya kuma ba ta da nisa daga nan, tafiya ce ta 'yan mintuna kuma babu hawa mai tsanani. Abin lura a Blida shi ne babbar majemar Shuwara tana kusa, a lokacin zafi wari yakan taso wa gidajen da ke daf da ita, sai ka tambaya kafin ka biya. Kusa da Saffarin kuma bugun guduma ne tun safe har yamma, wanda ke son barcin rana ya ɗan matsa ciki.

In kuwa kallon gari ka zo yi, ko da iyali da ƙananan yara, ni Batha da Bujlud nake ba da shawara. Tasi na tsayawa a filin Batha, gidajen cin abinci sun fi yawa a nan kuma sukan kai dare a buɗe, Madarasar Bu Inaniyya na kusa, lambun Jinan Sabil ma na nan gefe inda yara za su sarara. Dabarar da ake yi ita ce ka gangara da ƙafa da safe ka sha kallonka, in ka gaji ka fita ta Rasif ka hau tasi ta zagayo da kai ta bayan ganuwa ta ajiye ka a sama, ba sai ka hau tudu ba. Unguwannin Ziyat da Duh sun fi shiru kuma manyan gidaje sun yi yawa a can, Ain Azlitan akwai wurin ajiye mota ga wanda ya yi haya. Ta wajen Bab Gisa a arewa akwai gidaje masu kallon gari gaba ɗaya daga saman bene, amma hawan wajen ba wasa ba ne.

Sai irin gidan. Za ka ga ana rubuta riyad ko dar a gaban sunan masauki, dukansu tsofaffin gidajen attajirai ne da aka gyara, daga waje bango ne kawai da ƙofar katako a wani lungu mai duhu har sai ka fara tunanin ko an yaudare ka, kana shiga zaure ka karya kwana sai ga tsakar gida da famfon ruwa da tayil kala-kala da sassaƙen itace har sama. Riyad shi ne mai ɗan lambu a tsakiya, dar ba shi da lambu kuma sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, ko da yake yanzu kowa riyad yake kiran nasa. Gaskiya ina ganin duk wanda ya taka har Fas ya kamata ya kwana a irin wannan gida ko da dare biyu ne, domin a nan za ka ga yadda mutanen garin suka tsara rayuwarsu da sutura da sirrin iyali. Amma ka san abin da ke ciki. Ɗakunan duk tsakar gida suke kallo, mafi yawa ba su da tagar waje. Na ƙasa su ne manya masu dogon rufi kuma ba hawa, amma duk wanda ya shigo da dare ko ya zauna shan shayi muryarsa a kunnenka take, wani ɗakin ma ƙofarsa a buɗe take kan inda ake karin kumallo, ga mai iyali wannan takura ce. Na sama sun fi sirri da haske, sai dai matakalar a matse take a miƙe, kowane taki dogo, lifta kuma sai a gidaje ƙalilan masu tsada. Don haka ka rubuta musu ƙarara, ɗakin nan a hawa na nawa yake, matakala nawa ce, banɗakin a ciki yake ko na haɗaka ne, yana da ƙofa ko labule ne kawai.

Lokacin zuwanka ma yana canja lissafi. Yuli da Agusta zafin Fas yakan haura digiri 40, ɗakin saman bene in babu esi ba ya kwantuwa, na ƙasa ne ke da sanyi-sanyi. Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi ne da ruwan sama wanda ya wuce hunturun da muka sani, gidajen nan an gina su ne don korar zafi, tayil ɗin ƙasa sai ya yi sanyi ƙarara, wani gidan tsakar gidan ma a buɗe take sama. Ka tambaya akwai hita a ɗakin, akwai ƙarin bargo, ruwan zafi kuma kullum ne ko sai an kunna, don alwalar asuba da ruwan famfo a watan Janairu dattijo ba zai jure ba. Lokacin Mauludi masu ziyara kan yi yawa daga Senegal da Mali da Najeriya da sauransu, kewayen zawiya yakan cika, ka kama wuri da wuri.

Akwai wasu 'yan abubuwa da mu suka dame mu amma shafukan bukin, wato na kama ɗaki ta intanet, ba sa faɗa. Gidaje da dama Turawa ne suka saya suka gyara, wasu ana sayar da giya a ciki, wasu akwai ɗan kududdufin wanka a tsakar gida inda baƙi ke kwanciya da kayan iyo, in ba ka son idonka ko na iyalinka ya gani ka tambaya tun kafin ka biya, ba abin kunya ba ne kuma za su faɗa maka gaskiya. Buta ka taho da taka ƙarama, ba kowane banɗaki ke da tiyo ba. Karin kumallo yawanci yana cikin kuɗin ɗaki, burodi da zuma da zaitun da man zaitun da wasu wainar fulawa da suke kira musamman da bagrir da shayin na'ana'a, abu ne mai daɗi amma marar nauyi kuma ba yaji, mai son yaji ya sako ɗan garin yajinsa a jaka. In azumi ne ka tambaya ko za su iya shirya maka sahur.

Kewayen zawiya akwai iyalai da suke ba masu ziyara hayar ɗaki a cikin gidajensu, ya fi araha sosai kuma a ci tare a zauna tare, ga wanda zai yi sati biyu ko wata wannan hanya ce mai kyau. Amma ka bi ta hannun wanda ya taɓa sauka a gidan ko wani muƙaddami da ka yarda da shi, ku yi tsada a fili kafin ka ajiye jaka, na kwana nawa, da abinci ko babu, mutum nawa a ɗaki. Kada ka bi yaron da ya tare ka a ƙofa ya ce masaukinka ya rufe ko hanyar a toshe take shi zai kai ka wani, kamasho yake nema.

Sabon gari shi ma yana da ranarsa, ban raina shi ba. In kwana ɗaya za ka yi ka kama jirgin ƙasa zuwa Kasablanka da sassafe, ko tawaga ce babba da bas, ko akwai mai keken guragu, to otal a sabon gari ya fi, akwai lifta, mota na zuwa har bakin ƙofa, kantin magani da banki na kusa. Ƙananan tasi na Fas jajaye ne, mutum uku suke ɗauka ba ƙari, ka ce a kunna mita, ku shida kun san tasi biyu ke nan zuwa da dawowa kullum, ka saka wannan a lissafin arahar da kake gani.

Wajen biya, ka karanta abin da waɗanda suka kwana kwanan nan suka rubuta, ka fi mai da hankali kan masu ƙorafi, in mutum uku sun ambaci danshi ko sanyi ko wahalar gano gidan to haka ne. Akwai harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani, kuma ƙananan gidaje da yawa tsabar dirhami suke so. Kowa zai cike takarda da lambar fasfo ranar isowa, doka ce. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ka zaɓi bukin da za a iya sokewa kyauta har bizar ta fito.

Kafin ka taso ka tura musu saƙo ta WhatsApp da Larabci ko Faransanci ko Turanci, ka faɗi lokacin isowarka, ka ce su rubuto maka sunan ƙofar da za ka faɗa wa direba, su kuma turo wanda zai tarye ka da mai kura. Filin jirgin Sa'is yana da nisan kusan kilomita 15 daga gari, tashar jirgin ƙasa kuma tana sabon gari, ko ta ina ka zo sai ka hau mota zuwa ƙofar. Taswirar waya takan rikice a cikin lungu, shi ya sa ka yi ƙoƙari ka iso da sauran rana. Ranar farko ka roƙi yaron gidan ya raka ka zawiya ko babbar hanya ya dawo da kai, ka riƙe alamomi, famfon bango, gidan burodi, ƙofar wani masallaci, ka kuma karɓi katin gidan mai adireshi da lambar waya ka sa a aljihu. In za ka riƙa fita asuba ka gaya musu tun da dare, don gidaje da yawa ana kulle ƙofar waje kuma ba kowa ake ba makulli ba.