Yadda ake haɗa keke mai taya ɗaya inci 36 don doguwar tafiya

Idan aka ce keke mai taya ɗaya, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne ɗan wasa a kan ƙaramar taya yana kaɗa hannuwa, yara na tafi. Akwai wani irinsa kuma da aka ƙera don cin hanya. Tayarsa inci 36 ce, tsayinta ya kai santimita 90, idan ka tsaya kusa da ita tana kai maka kusan ƙugu. Kamfanin tayoyi na Coker da ke Chattanooga a jihar Tennessee ta Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1998. Shi ya sa tsofaffin mahaya har yau suke ce wa kowane babban wili Coker, ko da kamfanin Nimbus ne ya ƙera shi, ko Kris Holm na Kanada, ko Qu-Ax na Jamus.

Dalilin wannan girma a fili yake. Keken ba shi da sarƙa, feda a manne take da cibiyar wili, saboda haka juyin ƙafa ɗaya juyin taya ɗaya ne. Taya inci 20 tana cin kusan mita 1.6 a kowane juyi, inci 36 kuwa tana cin sama da mita 2.8. Wanda ke juya feda sau 90 a minti yana tafiyar kilomita 15 a awa ba tare da ya wahalar da kansa ba. Da irin wannan keke wani matashi ɗan Ingila, Ed Pratt, ya bar gida a Somerset a watan Maris na 2015 ya zagaya duniya, bai dawo ba sai Yulin 2018, bayan tafiyar kusan kilomita 35,000. Kafin shi, a 2007, Sam Wakeling ya yi sama da kilomita 450 cikin awa 24 a Aberystwyth da ke Wales.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, ba a haɗa wannan keke a rana ɗaya. Ana fara shi ne tsirara, a riƙa ƙara masa kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da ka sauya ka ba jikinka kwanaki ya gaya maka ko ya yi. Mai sauya abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Kafin ka saya

Kada ka koyi hawa a kan inci 36. Ka fara da inci 20 ko 24 har sai kana iya hawa ba tare da dafa bango ba, kana juyawa dama da hagu, kana sauka lokacin da ka ga dama. Sannan ka auna ƙafarka daga tsakanin cinyoyi zuwa ƙasa, da takalmi a ƙafa. Kowane kamfani yana rubuta mafi ƙarancin tsayin ƙafar da kekensa ke buƙata, yawanci wajen santimita 75 zuwa 80. Idan ba ka kai ba, akwai Nightfox na Nimbus da aka yi wa firam da ake iya gajartawa domin gajerun mahaya, akwai kuma wili inci 32 da inci 29.

Ɗaura wili da feda

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi ko wanne tsada, kuma kuskure ne na minti ɗaya. Hannuwan feda, wato ƙarafan nan biyu da ke fitowa daga cibiya suna riƙe feda, kowanne da alamarsa: L na hagu, R na dama. Idan ka zauna a sirdi kana fuskantar gaba, dole R ya kasance ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Fedar dama ana ɗaure ta yadda ake ɗaure kowane noti, ta hagu kuwa zarenta a juye yake, ana ɗaure ta ne ta ɓangaren da aka saba kwancewa. An yi haka ne don tafiya gaba ta riƙa ƙara musu ƙarfi. To keke mai taya ɗaya gabansa da bayansa kama suke, sirdi ne kawai ke bambanta su. Na taɓa kai nawa wurin wani mai gyaran keke ya sa mini tiyub, ya mayar da wilin a juye, ni ma ban duba ba. Ban yi kilomita 3 ba na ji fedar hagu tana rawa ƙarƙashin tafin ƙafata. Da na sauka na tarar ta cinye rabin zaren hannun fedar, garin ƙarfe fari fat a yatsana. Mutumin bai taɓa ganin irin keken ba, nawa ne in duba. Ka shafa ɗan giris a zare, ka fara murzawa da yatsu, sai ta shiga lafiya sannan ka kawo sifana.

Firam ɗin yana zama ne a kan boris biyu, kowanne da murfi mai noti biyu. Ka ɗaure su daidai wa daida, kaɗan nan kaɗan can, kuma kada ka matse su da ƙarfin tsiya. Gwajin shi ne ka ɗaga keken ka juya wilin da hannu. Idan ya yi ta juyawa har ya riƙa lilo kafin ya tsaya, ya yi. Idan ya tsaya cak da wuri, ka shaƙe boris, ka sassauta.

Tsawon hannun feda

Wannan shi ne giyarka, kuma a nan mahaya suka fi gardama. Ana auna shi da milimita. Dogo, kamar 150, yana ba ka ƙarfin juya wilin da tsayar da shi, yana sauƙaƙa hawa da tudu, amma gwiwa tana zagaya babban da'ira, gudu ya ragu. Gajere, kamar 125 ko 110, ƙafa tana ɗan motsi ne kawai, keken ya yi ta sulalewa a kan kwalta kamar ruwa, sai dai ranar da akuya ta tsallako maka za ka gane cewa ba ka da ikon tsayar da shi da ƙafa kaɗai.

Shawarata ka fara da 150, ka zauna a kansa har sai hawa da sauka sun daina ba ka tsoro. Daga nan ka sauko 137 ko 125. Wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce yana iya kaiwa 110 daga baya. Don kada ka yi ta sayen ƙarfe, ka nemi hannun feda mai huda biyu ko uku. Spirit na Kris Holm yana zuwa da 127 da 150 a jiki ɗaya, VCX na Nimbus akwai mai 100 da 125 da 150. Sauya giya a nan shi ne ka kwance feda ka mayar da ita ɗaya hudar. Abin da mutane ke mantawa: duk lokacin da ka gajarta hannun feda, sai ka ɗaga sirdi daidai abin da ka rage. Daga 150 zuwa 125, sirdi ya hau santimita 2.5. In ba haka ba gwiwa ce za ta biya.

Sirdi

Tsayinsa kamar na kowane keke: dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Amma a nan duk nauyinka a kan sirdi yake, kuma ba ka isa ka saki feda ka huta ba. Ka ɗan ɗaga hancinsa sama domin ka zauna a kan ƙasusuwan mazauni, nauyi ya bar gaba. Sirdi mai lanƙwasa sosai kamar ayaba yana da daɗi a minti 10 na farko, a awa ta biyu kuwa azaba ne. Shi ya sa masu tafiya mai nisa suka koma wa shimfiɗaɗɗu irin Fusion One. Ka sa gajeren wandon masu tseren keke mai soso a ciki, ka ɗora wandonka a kai. Da zarar ka ji wurin zama ya fara mutuwa, ka sauka ka yi tafiyar minti biyu. Wannan ba abin da ake daurewa a kai ba ne.

Taya da iska

Taya inci 36 ba ta samuwa wurin mai faci na bakin titi, daga waje ake yo odarta, don haka ka sayi ta ajiya tun farko. Nightrider ita ce aka fi sani. Tiyub kuwa akwai dabara: na keken inci 29 yana shiga. Ka hura shi a waje ya kumbura, ka bar shi ya kwana, ka barbaɗa masa hoda, sannan ka miƙa shi a kan rim a hankali kada bakin taya ya cije shi. Ya fi na ainihi rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma nauyin da ke can bakin wili shi ne ƙafa ta fi ji wajen tashi da tsayawa. Ka duba bawul ɗinsa ya zama irin na mota idan hudar rim ɗinka mai faɗi ce. Inda tsidau da ƙaya suka yi yawa, ka zuba ruwan toshe huda a ciki.

Iska ka fara da wajen 40 a ma'aunin psi, kada ka wuce abin da aka rubuta a jikin tayar. Za ka lura titi yana karkata zuwa kwata, kuma babbar taya tana bin wannan karkata, ta riƙa jan ka gefe har kafaɗa ta murɗe, baya ya yi ciwo. Ka ƙara 5 ko ka rage 5, ka sake bin titin nan dai, har ka sami inda jan ya lafa. Nauyin kowa daban, tayar kowa daban.

Birki

Birki a nan aikinsa rage wa gwiwa wahala a gangara. Ba a damƙe shi, domin idan wili ya tsaya kai ba ka tsaya ba, ƙasa za ka sha. Akwai mai kama rim, akwai mai faifai, kuma mai faifai ya fi santsi. A keken Oracle na Nimbus faifan a jikin cibiya yake, cikin firam. A na Kris Holm kuwa a hannun fedar dama ake ɗaura shi. Ka sa hannun birkin inda yatsa ɗaya zai kai gare shi alhali hannu na riƙe da gaban sirdi. Ka koya a ƙaramar gangara: ka ɗan kwanta baya tukuna, sannan ka taɓa, ka ci gaba da juya feda, ka saki a hankali yadda ka kama a hankali.

Mariƙi

Shi ne abu na ƙarshe da zan ce ka ƙara, kuma shi ne zai fi sauya maka tafiya. Sanda ce da ke fitowa daga ƙarƙashin sirdi zuwa gaba, irin T-bar na Kris Holm ko Shadow na Nimbus. Tana karɓar wani kaso na nauyinka zuwa hannuwa, tana hana wilin yin maciji idan ka ƙara wuta. Ka fara da ita gajeriya, dab da sirdi, da hannu ɗaya. Sai hannu biyu sun zauna a kai cikin natsuwa sannan ka riƙa tura ta gaba. Kada ta yi faɗi, domin ranar faɗuwa ta tsakanin ƙafafunka za ta wuce. Ka naɗe bakinta da tsohon tiyub, ita ce ke fara dukan ƙasa. A jikinta ake maƙala fitila da ƙararrawa.

Za ka ji ana maganar cibiyar Schlumpf, wadda Florian Schlumpf ɗan Siwizalan ya ƙirƙiro. Giya biyu gare ta, ana sauyawa da dukan maɓalli da dunduniya ana cikin tafiya, ta biyun tana juya wili kusan sau ɗaya da rabi a kowane juyin ƙafa. Kuɗinta ya fi na keken gaba ɗaya, gudunta kuma ya fi ƙarfin ƙafar da za ta tare faɗuwa. Ka bar ta sai ka shekara kana hawa.

Hawa na farko

Hular kwano, da kariyar wuyan hannu, da ta gwiwa. Ka cusa igiyar takalmi ciki, ka ɗaure ƙafar wando, doguwar riga kuma a bar ta a gida, domin abin da ya naɗe a cibiya ba ya sakin ƙafa. Ruwa a jakar baya, tare da famfo, kayan faci, sifanar feda da ƙarafan kwance notocin sirdi.

Sirdin ya haura mita ɗaya daga ƙasa, ba a taka shi a hau kamar ƙaramin keke. Ka riƙe gaban sirdi, wilin na gabanka, ka tura shi taku uku kana biye. Daidai lokacin da fedar ƙafarka mai ƙarfi ta zo baya, ta kusa kwanciya daidai da cibiya, ka daka tsalle gaba da sama, ka ɗora ƙafa a kanta ba tare da ka danne ta ba, saurin da ka taho da shi ya ɗaga ka bisa. Idonka can gaba. Juyi biyu na farko nauyi gare su kamar tura baro a yashi, na uku sai ka ji wilin ya karɓi kansa, kanka ya fi rufin motoci tsawo, ƙananan ramukan da ke kayar da ƙaramar taya suna wucewa ƙarƙashinka. Wajen sauka ka rage gudu, ka bar keken ya wuce gaba, ka dira ta baya riƙe da sirdi. Idan faɗuwa ta zo ba shiri, ka saki keken ka dira da gudu, shi ya sa a watannin farko ba a wuce saurin da ƙafa za ta iya gudu a ƙasa.

Idan ka dawo gida daga fita ta farko, kafin ka jingine shi, ka bi feda biyu da notocin hannun feda da na sirdi ka sake ɗaure su, ka matsa wayoyin wili bibbiyu da yatsu ka ji ko akwai wadda ta saki. Ka maimaita haka bayan fita ta biyu da ta uku, domin sabon ƙarfe yana ɗaukar kwanaki kafin ya zauna.