Yadda babban kamfani zai gina girgijensa na kansa da buɗaɗɗiyar manhaja

Tun watan Nuwamban 2023 da kamfanin Broadcom ya gama sayen VMware, mai manhajar da kamfanoni ke raba babbar saba guda zuwa kwamfutoci da yawa da ita, ba a yi wata guda ba ya ce an daina sayar da lasisin nan da kake biya sau ɗaya ka huta, kowa sai dai ya koma biya shekara-shekara. Mu nan Najeriya abin ya zo mana goma da ashirin, don a daidai lokacin ne naira ta sulale daga wajen 460 a kan dala a farkon Yunin 2023 har ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, kuma lasisin da dala ake lissafa shi. To shi yasa yanzu duk inda 'yan IT na bankuna da kamfanonin sadarwa suka zauna zaka ji ana ta kiran OpenStack da Proxmox kamar sunan magani, buɗaɗɗun manhajoji ne da kowa ke iya ganin lambarsu, da ake gina girgije da su, wato tarin sabobin da ake raba wa ayyukan kamfani.

Bari in fara da abin da ba a son ji. Manhajar kyauta ce, wannan gaskiya ne, ka sauke ta yau ba wanda zai turo maka takardar biya, amma kuɗin da kake ba masu lasisi ba ɓacewa suke ba, komawa suke kan albashin mutanen da zasu riƙe maka abin. In oga ya zaci zai soke lasisi kuma ya bar ma'aikata biyun nan da suka saba danna maɓalli a vCenter, allon sarrafa VMware, su ɗauki komai ba horo ba ƙari, gara ku zauna inda kuke wallahi.

Kafin a yi maganar wace manhaja, ka fara ƙirga kayanka. VM nawa ne ke gudana, wato kwamfutocin nan da ake yankowa a cikin babbar saba guda, kowacce memori nawa aka ba ta kuma nawa take ci da gaske, wacce ce ke kan Windows wacce ke kan Linux, wa ke da ita. In kuna kan VMware akwai RVTools da zai zubo maka duka a takardar Excel cikin 'yan mintuna. Zaka sha mamaki. A wani wuri da na taɓa aiki mun tarar da injuna rututu a kunne suna cin wuri, wanda ya buƙace su ya bar aiki tun tuni, ba wanda ya san amfaninsu kuma kowa na tsoron kashewa kar wani abu ya tsaya. Irin waɗannan ka kashe su ka jira wata guda, in ba wanda ya zo yana ihu to ka rage wa kanka kaya.

Sai zaɓi, kuma a nan ne mutane ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu saboda suna. OpenStack ita ce babbar giwa, NASA da Rackspace suka fara ta a 2010, kuma ba manhaja ɗaya ba ce, tarin manhajoji ne da ke magana da juna: Nova ke tayar da VM, Neutron ke kula da netwok, Cinder ke raba diski, Glance ke ajiye hotunan tsarin aiki, Keystone kuma shi ne maigadi mai tantance waye kai da abin da aka yarda ka taɓa. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa suna kanta tun 2013, Walmart ta Amurka ma haka, saboda haka maganar wai ba zata iya ɗaukar babban aiki ba bata taso ba. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, kana da sassa da yawa da kowanne ke son ya shiga ya tayar da injinsa da kansa, da nasa netwok a ware, da kason da ba zai wuce ba? In eh, to OpenStack ce ko Apache CloudStack, wadda ta fi sauƙin girkawa da riƙewa don kusan komai nata a dunƙule yake wuri guda. In kuwa abin da kuke yi kawai shi ne mutum biyar na sashen IT su tayar da VM in an turo buƙata, ba girgije kuke nema ba, madadin VMware kuke nema, kuma Proxmox VE ta 'yan Ostiriya da ke nan tun 2008 ta ishe ku. Ba abin kunya ba ne. Dukansu ukun zasu iya hawa kan KVM ne dama, wato ɓangaren da ke gudanar da VM, wanda ke cikin Linux tun 2007, bambancin yana can sama wajen sarrafawa.

Ni a ganina kamfanin da sabobinsa basu wuce ashirin ko talatin ba kuma ya ce sai OpenStack, neman suna yake.

Yanzu mutane. Kana buƙatar aƙalla uku ko huɗu da suka san Linux ciki da bai, ba wanda ya yi kwas na sati biyu ba, wanda in saba ta ƙi tashi da ƙarfe biyun dare zai buɗe log ya karanta ya gane inda ta maƙale. A cikinsu dole a samu wanda ya iya netwok sosai, don in ka bi diddigin yawancin ciwon kan OpenStack zaka tarar a Neutron ya samo asali, sannan wani ya ƙware a ma'ajiya. Kar ilimin ya taru a kan mutum ɗaya, mun san halin da ake ciki, yaro ya ƙware yau gobe ya samu aiki a Kanada ko Ingila ya bar ku da abin da ba wanda ya san yadda aka ɗaura shi. Maganin wannan shi ne komai a rubuce a cikin Git mai ajiye tarihin duk wani gyara, girkawa da Kolla-Ansible, manhajar da ke girka OpenStack da kanta, ko makamancinsa, ba wanda zai shiga saba ya gyara fayil da hannu ya fita shiru. Kuma shekarar farko ko biyu ku sayi tallafi daga kamfani irin Canonical ko Red Hat ko wani da ya san aikin, eh da dala ne shi ma, amma ranar da abu ya rikice kana da wanda zaka kira, kuma masu binciken banki suna son ganin wannan takardar.

Daga nan ku haɗa ɗan ƙaramin wurin gwaji da tsofaffin sabobi, ku girka, ku lalata da gangan, ku sake girkawa. Ku zare waya ana tsakiyar aiki, ku kashe saba guda ku ga me zai faru. Wata biyu ko uku kuna wannan ba ɓata lokaci ba ne.

In an zo ginin gaske, lamba uku zata yi ta dawo maka. Sabobin da ke sarrafa girgijen uku ake sawa, don rumbun bayanansu da RabbitMQ, mai kai saƙo tsakanin manhajojin, da rinjaye suke aiki, in ɗaya ta mutu biyun da suka rage sun isa su yanke hukunci, in kuwa biyu ka saka tun farko to ɗaya na faɗuwa ɗayar ma ta tsaya tana jira. Kar ka bari mai kula da kasafi ya rage maka wannan.

Ma'ajiya ce wurin da zan ɗan daɗe, don nan ne ake kuka. Yawanci Ceph ake haɗawa da waɗannan manhajoji, ita ce ke tattara diskokin sabobi da yawa ta mayar da su rumbu guda, kuma yadda take zuwa kowane bayani kwafi uku take ajiyewa a sabobi daban-daban. Ma'ana in ka sayi terabait 300, abin da ke hannunka 100 ne, kuma ko shi ba duka ba, don tana kaiwa kashi 85 cikin ɗari zata fara gargaɗi, a kashi 95 kuma ta daina karɓar rubutu gaba ɗaya, duk VM ɗin da ke kanta su sandare. Sannan dole ka bar sarari ta yadda in saba guda ta mutu sauran zasu iya ɗaukar kayanta, to kaga ɗarin nan ta koma wajen saba'in ko ƙasa da haka gwargwadon yawan sabobinka. Mutane da yawa a kan 300 ɗin suke lissafi su kai wa oga, bayan wata shida a dawo neman ƙarin kuɗi, a nan ne yarda ke fara zubewa. Kar ka sa diskokin Ceph a bayan RAID, tsarin da ke haɗe diskoki su zama kamar guda, ita ke son ganin kowane diski kai tsaye. Kar ka sayi SSD irin na laftof don araha, ka nemi na sabobi masu kariya daga ɗaukewar wuta, in ba haka ba zaka ga tafiyar hawainiya ka rasa dalili. Netwok ɗinta kuma ya zama nata ne a ware, gigabit 10 shi ne ƙarshen ƙasa, in da hali 25, don ranar da diski ya mutu ta fara kwafe-kwafen gyara kanta zata cika hanya.

Kuma don Allah kwafi ukun nan ba bakof ba ne, wato kwafin ko-ta-kwana da ake ajiyewa a gefe. In wani ya goge abu bisa kuskure ko ɓarayin intanet suka kulle bayanan suna neman kuɗin fansa, duka ukun ne zasu tafi tare a daƙiƙa guda. Bakof na wani wuri daban, a wani gini, kuma duk wata a ɗauko ɗaya a gwada dawo da shi a gani ko yana tashi.

Maganar wuta ba sai na faɗa wa ɗan Najeriya ba. In ɗakin sabarku janareto ɗaya ne da UPS da batirinsa ya gaji, to ku kai kayan cibiyoyin bayanai da ke haya, irin Rack Centre a Legas, saba taku ce manhaja taku ce, wuta da sanyi da tsaro nasu.

Ƙaura kuma a hankali, kamar cin tuwo mai zafi daga gefe. Ku fara da injunan gwaji na masu rubuta manhaja, su dama sun saba da abu ya lalace kuma zasu faɗa muku gaskiya ba kara. Sai ƙananan ayyukan cikin gida, sai shafukan intanet, manyan rumbunan bayanai su ne na ƙarshe. Akwai virt-v2v da ke juya VM daga VMware zuwa KVM, na Linux yawanci lafiya lau suke wucewa, na Windows ne ke son a tabbatar direbobin virtio, waɗanda ke sa Windows ta gane diski a kan KVM, sun shiga, in ba haka ba injin zai tashi bai ga diskinsa ba ya tsaya a shuɗin allo. Abin da ya fi wannan muhimmanci ma ba na fasaha ba ne: ka rubuta wa duk kamfanin da ya sayar muku da babbar manhaja, ta banki ce ko ta lissafin kuɗi, ka tambaye su a rubuce ko suna tallafa wa kayansu a kan KVM. Wasu zasu ce a'a, kuma in matsala ta taso zasu ce ba ruwansu tunda kun sauya wuri. Oracle kuma yadda take ƙirga lasisi a kan injunan da ba nata ba sai an zauna da wanda ya san kwantiragin. Irin waɗannan in sun zauna a tsohon wuri ko a saba tasu ta daban ba faɗuwa ba ce, ka rage lasisin VMware daga saba hamsin zuwa shida ai ka yi aiki.

Wani abu da ake mantawa sai an gama biki shi ne sabuntawa. OpenStack duk wata shida take fitar da sabon zubi, kodayake tun daga 2023 sun tsara yadda zaka iya tsallake ɗaya ka riƙa yi sau ɗaya a shekara. Ka sa wannan a kalanda tun ranar farko kuma ka fara yi a wurin gwaji, don wanda ya bari shekara uku ta wuce bai taɓa ba zai tarar tsallen ya yi nisa, kusan sabon gini zai yi. Kuma tunda kuna ganin lambar manhajar a buɗe, shaiɗan zai raya wa wani gwani a cikinku ya ɗan gyara ta ta dace da ku. Ku hana shi. Duk gyaran da kuka yi a gida ku ne zaku yi ta dakonsa a kowane sabuntawa, in gyaran na da amfani a tura shi can wurin masu manhajar su karɓa.

Wajen shawo kan shugabanni kar ka tsaya kan "kyauta ce" kawai, zasu riƙe ka da kalmar. Ka kai musu lissafin shekara biyar da komai a ciki, sabobi, albashi, horo, tallafi, wuta, da watannin da zaku biya tsoho da sabo a tare. Ka tuna musu 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka shiga wahala, wanda kayansa ke cikin gida da sauƙi a kan wanda komai nasa ke Turai. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, wannan lauyoyin kamfani sun fi kowa jin sa.

Sai ka ɗauko kwantiraginku na yanzu ka duba ranar da zai ƙare, daga ita zaka ƙirgo baya. In saura wata huɗu ne, kar ka yi gaggawar ƙaura, ka nemi sabunta mafi gajarta da zasu yarda su ba ka ko da ta yi tsada, ka yi aikin a tsanake. Kuma ko bayan kun kwashe VM na ƙarshe ku bar tsohon diskinsa a ajiye yadda yake har a rufe lissafin ƙarshen wata sau biyu ko uku a sabon wuri, don akwai ayyukan da sau ɗaya kawai suke tashi a wata, sai ranar ne zaka san ko an manta da wani abu.