Kalma ɗaya da ke rage wa faifan kwamfuta wahala

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu amfani da Linux.

Ku buɗe /etc/fstab, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin faifai da yadda Linux za ta haɗa su, ku ƙara kalmar noatime cikin zaɓuɓɓukan da ke layin faifan da kuke ajiye aiki, sannan ku sake kunna kwamfutar.

Dalili shi ne, tsarin fayil yana rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, wato karatu kawai yana jawo rubutu a kan faifai. Tun 2009 Linux ta rage wannan ta hanyar wani tsari mai suna relatime, amma tana sabunta lokacin idan an gyara fayil ko an wuce awa 24, ita kuwa noatime tana hana wannan rubutun gaba ɗaya.

Na gwada a tsohuwar kwamfutar shagonmu da ke Tudun Wada, nan Gombe, mai ɗauke da dubban hotunan fasfo da takardun ɗalibai, kuma da na yi kwafin ajiya da dare, gurnanin faifan ya ragu, aikin ya ƙare kafin batirin sola ya mutu.

Sai dai ku kula. Manhajar imel ta mutt tana dogara da wannan lokaci wajen gane sabon saƙo, manhajojin share tsofaffin fayiloli kuma suna iya goge abin da kuke buɗewa kullum. Idan faifanku SSD ne, wato irin wanda ba ya juyawa, bambancin kaɗan ne.