Yadda za ka leƙa gidan ibadar Liurong idan ka je Gwanzu sari

’Yan uwa ’yan kasuwarmu na Kaduna, musamman mutanen Kasuwar Gumi da na Kasuwar Barci masu zuwa Caina, don Allah in an gama loda kaya a kwantena kar a ƙare a kwance a otel ana danna waya, akwai wani tsohon gidan ibadar mabiya Buddha a tsakiyar Gwanzu mai suna Liurong, wallahi ginin ya isa a je a gani.

Daga Xiaobei, unguwar nan da ’yan Afirka suka fi sauka, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, ka canza zuwa na 2 a tashar jirgin ƙasa, ka sauka a Gongyuanqian, sauran ɗan tattaki ne. Ka yi sammako kafin rana ta yi zafi.

Tun shekarar 537 aka kafa wajen. Sunan kuma wani marubucin waƙoƙi Su Dongpo ne ya jawo shi, ya zo a 1100 ya ga bishiyoyi 6 dangin cediyar nan tamu mai sako jijiyoyi, sai ya rubuta kalmomin Liu Rong, wato cediya shida, shi ke nan suna ya bi waje.

Abin da zai kai ka dai hasumiyar ce, suna ce mata hasumiyar fure, tsayinta wajen mita 57, kusurwa 8, an sake gina ta a 1097. Ka ja baya ka ƙirga daga waje hawa 9 za ka gani amma a ciki 17 ne. Sannan ka matso gindinta ka ɗaga kai ka kalli bakin rufin kowane hawa yadda ya lanƙwashe sama, ka duba katakan da ke ƙarƙashinsa, an sassaƙa su ne wani ya shige cikin wani suna ɗaukar nauyin rufin, duk wanda ya san aikin kafinta nan zai daɗe a tsaye, ni a gani na wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Ladabin wajen ba wuya. Ka rage murya, kar ka taka katakon dokin ƙofa, tsallake shi ake yi, kar ka ɗauki hoto cikin zauren da suke ibada, in za ka zagaya hasumiyar ka bar ta a hannunka na dama kamar yadda suke yi. Za ka ga suna kunna turare suna rusunawa gaban manyan mutum-mutumi 3 na tagulla, wannan ibadarsu ce, ba wanda zai ce sai ka yi, kai gini ka zo kallo, ka ba su hanya kawai.

In azahar ta yi, masallacin Huaisheng na nan kusa a titin Guangta, da ƙafa ma ka je, yana cikin mafi tsufa a Caina, ka yi sallarka a can ka kwatanta hasumiyarsa mai santsi da wadda ka baro.